Ragar da Ba a Sa wa Baffa Ba

Bayan la'asar muka bar Kano, ni da ƙanina a tsohuwar motarsa, a ƙarshen damina lokacin da ake ta girbin gero. Gwaggo ce ta sa wani yaro ya hau tudu ya nemi sabis ya kira mu. Baffa yana kwance tun hantsin jiya, ƙabarsa ta fito ta ƙi komawa, ya kuma fara amai. Iyakar abin da muka ji ke nan kafin wayar ta yanke. Muka sha mai, muka haɗa abin da ke hannunmu na kuɗi, muka bi ta Mil Tara muka kama hanyar Ɗambatta.

Hanyar nan na san ta tun ina yaro, amma ban taɓa bin ta ina duban agogo ba sai ranar. Manyan motoci ɗauke da hatsi da dabbobi suna ta gangarowa daga arewa, amalanken shanu suna bin gefen kwalta da dammunan gero, yara suna ɗago mana ɗanyar gyaɗa da dafaffiyar masara. Muka wuce Ɗambatta ba mu tsaya ba. Rana tana gab da faɗuwa muka hango duwatsun Kazaure, daga nan muka karkata wajen Roni, har kwalta ta ƙare muka shiga burji, burji ya ƙare muka shiga yashi. Kimanin kilomita 80 ne daga Kano zuwa Kazaure. Abin da ya rage zuwa ƙauyenmu bai kai rabin haka ba, amma shi ya fi cin lokaci, kuma a ƙarshe dole muka bar motar a bakin fadama, inda ruwa ya kwanta, muka ƙarasa da ƙafa.

Baffa wan mahaifinmu ne, manomi, ya haura sittin. Ƙabar ta daɗe tare da shi. Mun sani, shi ma ya san mun sani, amma ba magana ce da ɗa ke yi wa uba ba. Babbar riga tana rufe ta. Idan ta sauko ta dame shi, sai ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine, ya lallaɓa ta da hannu har ta yi ƙugi ta koma, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Haka maza da yawa ke zaune a ƙasar nan. An mayar da ciwon abin ba'a, ana yi wa mai gwaiwa dariya a dandali da cikin wasan kwaikwayo, shi ya sa mai ita ke gwammacewa ya jure da ya kwance wando a gaban likita. Wannan dariyar tana ƙona mini rai, domin ciwon ba baƙo ba ne, ba kuma abin kunya ba. Wata kafa ce a bangon ciki, a matsematsi, inda jijiyoyin maraina ke ratsawa. Idan wurin ya yi rauni ko ya buɗe, sai hanji ya sulale ta ciki ya sauko. Lissafin da likitoci ke aiki da shi ya ce kusan kashi 27 cikin ɗari na maza, da kashi 3 na mata, za a yi musu aikin ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, kuma ana yin irin wannan aiki sama da miliyan 20 a duniya kowace shekara.

Mun same shi a zaure kan tabarma, ya naɗe ƙafafu, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin dare. Yana ɗora dammuna a rumbu ne ya ɗaga wani babba, ya ji abu ya tsarga masa a mara. Ya kwanta ya tura yadda ya saba, ta ƙi.

"Baffa, sannu da jiki."

"Yauwa, ɗan nan. Wa ya ce a taso ku? Ai da sauƙi, zuwa gobe za ta kwanta."

"Yaya, don Allah ka yi shiru," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Tun jiya kake cewa gobe. Ku leƙa ƙwaryar can ku ga abin da yake amarwa."

Aman kore ne shar, mai wari. Cikinsa ya kumbura, tun jiya bai zaga ba, ko iska ba ta fita. Da ya yarda ƙanina ya haska tocila, sai muka ga kumburin ya yi tauri, fatar wurin ta yi jajir tana sheƙi, ko yatsa ba ya bari a ɗora. An riga an yi duk abin da ƙauye ya sani. An gasa da tsumma mai zafi, an ba shi jiƙon sassaƙe, an sayo ƙwayoyin ciwon jiki a kemis, wanzami ya zo ya danna har Baffa ya kusa suma. Ban ga laifin kowa ba, ƙauna ce ta sa suka yi. Amma dannawar nan ita ce mafi hatsari a cikin duka. Hanjin da ya daɗe a shaƙe, in aka tura shi da ƙarfi, ko dai ya fashe, ko ya koma da ruɓarsa cikin ciki inda ba mai ganinsa, kumburi ya ɓace, gida ya yi ta murna alhali mutum tafiya yake yi.

A amalanke muka tsallaka da shi fadama, Gwaggo tana riƙe da kansa, maƙwabta suna biye da fitilu. Muka kwantar da shi a bayan mota muka nufi wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyarmu. Likitan da muka tarar matashi ne, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Ya duba sau ɗaya ya ce hanji ya shaƙe. Ya sa ƙarin ruwa a hannu biyu, ya zura siririyar roba ta hanci har tumbi don ta janye abin da ya taru, ya sa robar fitsari, ya yi allurar kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ya janye ni gefe.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba. Aikin ƙaba ina yinsa a nan, amma wannan ya wuce nan. Mai ba da maganin barci ba ya nan da dare, jini kuma ba mu da shi a ajiye. Hanji in jini ya yanke masa, daga awa shida ya fara mutuwa. Baba ya kwana ya wuni. Ku wuce Kano yanzu, kada ku tsaya ko'ina."

Ya rubuta takarda, ya kira wani abokinsa a babban asibiti ya shaida masa muna tafe. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci a lokacin da suke buƙata, ya kuma ɗauki awa biyu a matsayin ma'auni: ya kamata mutum ya iya isa inda za a buɗe masa ciki cikin awa biyu. Mu a daren, fitowa daga ƙauye zuwa kwalta kaɗai ta cinye mana kusan haka.

Tafiyar dare daban take. Ina zaune a baya, hannu ɗaya na ɗaga ledar ƙarin ruwa har rufin mota, ɗayan yana kan kafaɗar Baffa. Duk ramin da taya ta faɗa sai na ji shi a nishinsa. Ya daina cewa da sauƙi. Salati yake yi, can kuma ya fara ba ni wasiyya kan gona da bashin taki da auren autarsa, ina cewa, "Baffa, ka bari sai mun isa," yana cewa, "Ka dai riƙe." A shingayen hanya, jami'an da suka haska fitila suka ga roba a hancinsa ba su ɓata mana lokaci ba, wani ma ya ce Allah ya ba shi lafiya. Mun wuce Ɗambatta gari ya yi tsit sai masu shayi. Ba mu shiga Kano ba sai da dare ya raba.

A sashen gaggawa aka karɓe shi da sauri. Aka ɗebi jini, aka ce mu nemo masu bayarwa, ƙanina ya kwanta ya ba da leda guda, muka tashi wasu 'yan uwa daga barci. Aka miƙo mini doguwar takarda: safar hannu, zaren ɗinki, ruwan ƙari, allurai, auduga, can ƙasa kuma an rubuta raga. Na tsallaka titi zuwa kemis ɗin da ba ya rufewa. Abin da aka miƙo mini wata 'yar takarda ce a liƙe, cikinta farar raga mara nauyi da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, amma ita ta fi komai tsada a cikin takardar. Ƙanina da ya gan ta ya ɓata fuska. Ya ce ya ji ana faɗa a WhatsApp cewa abin nan ruɓewa yake a jikin mutum. Da likitan tiyata ya fito neman sa hannu, wani dattijo mai magana a hankali, ƙanina ya faɗa masa haka.

"Raga ba ta ruɓewa, Alhaji," in ji shi. "Ƙwayar cuta ce ke samun maɓoya a jikinta, in an sa ta inda bai kamata ba. Ku bar ta a liƙe, ba zan buɗe ba sai na ga hanjin. Idan na kwance shaƙar ya dawo ja yana motsi, zan sa masa, don ita ta fi hana ƙaba dawowa. Ko da sai na yanke wani sashe, in dai bai fashe ya ɓata wurin ba, ina iya sawa. Amma in na tarar ya ruɓe ya zubar da abin cikinsa, ba zan bar masa roba a cikin ƙazanta ba. Da zare zan ɗinke."

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe, muka zauna a benci. Wani matashin likita da ke jiran nasa aikin ya zauna kusa da mu yana shan shayi a leda, na yi ta tambayarsa. Wani abin daga bakinsa na ji, wani na bi na karanta daga baya.

Kafin raga, ɗinki ake yi. Wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, a birnin Padua, shi ya fito da hanyar a shekarun 1880: a jawo tsokokin wurin a haɗe su da zare a toshe kafar. Hanyar ta ceci mutane ba adadi, har yau ana yin ta da 'yan uwanta, amma tana da aibi guda. Naman da aka jawo da ƙarfi aka ɗaure yana iya saki, musamman ga mai noma da ɗaukar kaya, sai ƙaba ta dawo. A 1958 Francis Usher, a Houston ta Amurka, ya fara amfani da ragar roba ta zamani, wadda ta kai ga irin ta folifurofilin da ake sawa yau. Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Los Angeles suka yaɗa hanyar shimfiɗa ta a kan raunin ba tare da an ja komai ba, suka buga sakamakonsu a 1989. Aikinta irin na zanar da ake kafawa a yaɓe da laka ne: naman jiki ke bi ta ramukanta ya cike su har su zama bango guda. Gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna tana rage dawowar ƙaba da rabi ko fiye.

Matsalar ita ce roba ba ta da jini. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, da maganin da ake sha ko ake allura, duka ta jini suke isa inda ake buƙatarsu. Ƙwayar cuta kuwa girmanta kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne, abin da ake kira maikuron guda. Idan ramukan raga ba su kai maikuron 10 ba, cuta za ta shige ta ɓuya, masu yaƙarta su kasa bin ta don sun fi ta girma. Shi ya sa aka fi son raga mai manyan ramuka, daga maikuron 75 zuwa sama, wadda aka saƙa da zare tilo ba mai tufka ba. Kuma da zarar ƙwayoyin sun manne, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke shan wuyar ratsawa. A aikin da aka shirya, abokiyar gabar galibi ita ce ƙwayar da ke zaune a fatar mutum, Sitafilokokus, wadda wanke fata da tsaftar kayan aiki ke maganinta. A aikin gaggawa kuwa akwai ta biyu, wadda ta fi yawa: ƙwayoyin cikin hanji, waɗanda ke fara ratsa bangonsa tun kafin ya fashe.

Da can, likitoci da dama ba sa kusantar raga muddin ƙaba ta shaƙe. Bincike ya sassauta wannan tsoron amma bai kawar da shi ba. Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Gaggawa ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2013, ta sabunta su a 2017, bisa yadda ake kasa rauni kashi huɗu gwargwadon tsaftarsa. Inda hanji ya maƙale amma yana da rai, a sa raga. Inda aka yanke hanji ba tare da ya zuba ba, ana iya sa ta. Inda ya zuba, ko mugunya ta riga ta taru a ciki, a ɗinke da zare in kafar ƙarama ce, ƙasa da santimita 3, in kuwa ba za ta ɗinku ba, sai a nemi wata irin raga da ake sarrafawa daga fatar dabba ko ta mutum, wadda tsadarta ta sa da wuya talakanmu ya gan ta. Abin da dattijon nan ya faɗa mana a tsaye cikin jimla huɗu, shi ne wannan. Na lura da abu guda a ciki: duk matakan nan ba ingancin raga suke aunawa ba, halin da hanji ya iso a ciki suke aunawa. Halin hanji kuwa a ƙauye da kan hanya aka riga aka yanke shi.

Ana kiran assalatu likitan ya fito, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce ya tarar da hanji ya yi baƙi fiye da kamu guda, ya huje a wuri ɗaya, jakar ƙabar cike da baƙin ruwa mai wari. Ya yanke mataccen ya haɗa masu rai, ya wanke, ya ɗinke kafar da zare, ya bar wani sashe na fatar a buɗe don abin da zai taru ya sami hanyar fita. Ya miƙo mini ragar a liƙe yadda na kawo ta. Ƙanina ya tambaya ko ƙabar za ta dawo.

"Tana iya dawowa. In ta dawo, ku kawo shi da ƙafarsa, mu sa masa raga a wuri mai tsafta. Yanzu ransa muke nema."

Ba ƙaramin abu yake nufi ba. Ƙasar Suwidin tana da rajistar ayyukan ƙaba tun 1992, kuma wani nazari da aka buga daga cikinta a 2007 ya gano cewa wanda aka yi wa aikin a tsanake hatsarin mutuwarsa bai fi na sauran jama'a ba, amma a aikin gaggawa yakan ninka sau 7, in har an yanke hanji kuma sau 20. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida ke nan.

Zaman jinya a ɗakin maza shi ya ƙarasa koya mini abin da benci ya fara. A gadon dama da Baffa akwai wani saurayi mai ɗaukar kaya a kasuwa. Tasa ta maƙale da safe, abokan aikinsa suka sa shi a A-daidaita-sahu nan take, kafin azahar yana ɗakin tiyata. Hanjinsa ya dawo ja, aka sa masa raga, aka sallame shi tun Baffa bai fara shan koko ba. Ciwo ɗaya ne da na Baffa, likita ɗaya, wuƙa ɗaya.

A gadon hagu kuwa wani bawan Allah ne daga wajen Damagaram, mai sayar da fata, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin. An yi masa aikin gaggawa a wani wuri da bai iya faɗa mini sunansa daidai ba, aka sa raga. Ya warke, ya koma kasuwa. Bayan watanni sai wani ɗan ƙurji ya fito a kan tabon, ya fashe, ya fara tsiyayar da mugunya. Ya sha magani ya rufe, ya sake buɗewa. Haka ya yi ta yi fiye da shekara, yana canza tsumma a wando, ya daina shiga sahun gaba a masallaci don kada a ji wari, matarsa tana wanki da dare. Ya je wurin masu magani sun ce sammu ne. Da ya zo nan aka gwada jininsa aka tarar yana da ciwon suga bai sani ba, ga shi mashayin taba. Aka daidaita sugan, aka buɗe wurin, aka ciro ragar a dunƙule, nama bai kama ta ba ko kaɗan. Ya ce mini, "Malam, da na san haka ne, da ban yarda an sa mini ba." Na fahimce shi sarai, kuma ba ni da bakin yi masa musu. Amma nas ɗin da ke wanke masa ciwon ta ce wani abu da ya zauna mini: ba kowace raga da ta kamu ake cirewa ba, mai manyan ramuka sau da yawa ana ceto ta da wanki da magani in an zo da wuri, tasa dai an bar ta ta daɗe, kuma suga da taba sun hana jikinsa taimaka mata. Ra'ayina shi ne, mutumin nan ba raga kaɗai ta cuce shi ba. An sa masa baƙon abu a jiki ba a gwada sugansa ba, ba a kuma gaya masa cewa ƙurji a kan tabo, ko bayan shekara ne, dalilin komawa asibiti ne. Waɗannan biyun ba sa cin kuɗi mai yawa, kuma haƙƙinsa ne.

Shi ma Baffa bai tsira daga mugunya ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya taso, raunin ya yi ja, aka warware zare biyu aka matse abin da ya taru, aka shiga wanki safe da yamma. Na tsorata, likitan bai tsorata ba. Ya ce wannan a fata da kitse yake, zai cike daga ƙasa, da akwai roba a ƙarƙashi ne da maganar ta canza. Haka kuwa aka yi, sai dai ya ƙara mana zama da kuɗi.

Tsadar ragar ta sa na tambayi matashin likitan ko babu mai araha. Ya yi dariya ya ce akwai, gidan sauro. Na ɗauka wasa yake. Ashe likitocin karkara a Indiya, cikinsu har da Ravindranath Tongaonkar, sun daɗe suna yanka gidan sauro suna turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta suna gyara ƙaba da shi, sun kuma buga sakamakonsu a 2003. Ƙungiyar Operation Hernia, wadda Andrew Kingsnorth da Chris Oppong suka kafa a 2005 suka fara aiki a Takoradi ta ƙasar Gana, ta ɗauki dabarar. A 2016 aka buga wani gwaji da aka yi a Kamuli ta gabashin Yuganda kan maza 302, rabi da ragar kamfani ta dala 125, rabi da ta gidan sauro wadda ba ta kai dala guda ba. Bayan shekara, mutum ɗaya ne tasa ta dawo a ɓangaren mai arahar, kuma matsalolin bayan aiki kusan daidai suke a ɓangarorin biyu. Amma a kula, ba gidan sauron da ake rabawa a asibiti ba ne, wannan yana da maganin kashe sauro, guba ne a cikin jiki. Wani nau'i ne na musamman mara magani, da aka san irin robarsa da zafin da take jurewa. Kuma duk mutanen gwajin nan da ƙafarsu suka zo, aikin shiri aka yi musu. Ko ta dala 125 ce ko ta dala guda, hanjin da ya fashe bai bar wa kowace wuri ba.

Da rana muka mayar da shi gida, a hankali, da matashi a kan mararsa. Ya rame, amma idonsa ya dawo. A Ɗambatta ya ce a tsaya a saya masa fura, ya sha kaɗan, ya yi ta kallon gonaki yana faɗin wanda ya makara da girbi. Ruwan fadama ya janye, mota ta kai har ƙofar gida. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi na wasu makonni, ya ce a yi maganin tarin da yake fama da shi, kada kuma a bar shi da taurin bayan gida, don yunƙuri shi ke tura ɗinki. Gwaggo ta karɓi wannan umarni ta riƙe shi da hannu biyu.

Masu sannu sun cika zaure har magariba. Bayan isha'i, da mutane suka watse, sai wasu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ba wurin Baffa ba, wurina. Kowa da yadda yake kewayawa. Wani ya ce wani abokinsa ne ke da irin lalurar, wani ya tambayi nawa aka kashe, wani ya ce shi tasa ruwa ce kawai. Na ce masa mai yiwuwa ne, gwaiwar ruwa ba ta shaƙe hanji, amma likita ne zai bambance, kuma wani yana ɗauke da duka biyun. Na gaya musu abin da na gani a gadon dama da na hagu, ban rage komai ba. Na ce duk ranar da ta fito ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, kada a gasa, kada a danna, kada a jira safiya. Na ƙara da cewa mata ma suna yi, tasu takan zama ƙarama a saman cinya, kuma ita ta fi saurin shaƙewa, don haka kada a ce kullutu ne kawai.

Mutum biyu suka ce za su bi mu Kano. Da gari ya waye ɗaya ya aiko ɗansa ya ce a ba mu haƙuri, sai ya sayar da wake. Ɗayan, maƙwabcin Baffa da suka yi kaciya tare, ya zo da 'yar jakarsa ya shiga gaba. A asibiti aka duba shi, aka ce ƙaba ce ta dama, tana komawa da kanta. Aka gwada suga da hawan jini, aka ce ya ajiye taba tun daga ranar. Na nuna wa likitan ragar Baffa, ya juya takardar ya duba ranar lalacewarta, ya duba ko liƙin ya ɓalle, ya ce za ta yi. Aka rubuta masa ranar aiki, mako uku gaba, da allurar kashe wuri kawai, aka ce in komai ya tafi daidai washegari zai koma gida.